Zagayen duniya a ƙaramar kujera: katin wane kamfanin jirgin sama za a riƙe?

Baba Injiniya: Assalamu alaikum. Yara sun haɗa mini kuɗi in cika burin da nake da shi tun ina bakin aiki, in fita ta gabas in dawo ta yamma. Ƙaramar kujera ce, babbar ta fi ƙarfinmu. Ejan ya ce in kawo lambar katina na tara mil, wato makin da kamfanin jirgin sama ke ba matafiyi, kafin ya yanki tikiti, ni kuwa ban taɓa yin katin ba. Jiya bayan isha'i Alhaji ya ce mini maganar ba ta da wani wuya. Alhaji, maimaita a nan kowa ya ji.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam Baba. Abin da na faɗa jiya shi ne dai. Wanda zai tashi daga Nijeriya ba shi da ƙawancen kamfanonin jirgi sai Star Alliance, a cikinta kuma ya yi katin Turkish Airlines. Ethiopian tana ciki, EgyptAir tana ciki, ga South African, ga Lufthansa. Ka zagaya duniya sau ɗaya, ka zuba komai a kati ɗaya, ka dawo gida da katin zinare a aljihu. Daga nan sai falon manya a filin jirgi, ƙarin jaka kyauta, ba bin dogon layi. Shekara nawa ina kan hanyar Gwanzu ta ƙasar Sin, ba labari aka ba ni ba.

Malamin Lissafi: Ranka ya daɗe, rabin maganarka na karɓa, rabin kuma alli ya ƙi ta. Matakin da Turkish ke kira Elite, wanda shi ne zinare a Star Alliance, mil 40,000 yake nema cikin wata 12. Tikitin zagayen duniya na ƙawancen kuwa hawa-hawa ake sayar da shi: mil 29,000, ko 34,000, ko 39,000. Duniyar kanta in ka ɗaura mata igiya a ƙugu mil 24,901 ce. To ko Baba ya sayi mafi tsada, ya cinye shi tas, aka kuma ba shi ɗari bisa ɗari a kowane jirgi, da saura. Ina zinaren?

Alhajin Kwari: Malam, wata 12 fa aka ce, ba tafiya ɗaya ba. Ya ƙara umara a kai, ya cike.

Malamin Lissafi: Ai ka ce "sau ɗaya". Yanzu kuma an sako umara.

Anti Mai Tikiti: Ku tsaya, duk kun tsallake inda gizo ke saƙar. Na yi shekaru a bayan kanta ina yankan tikiti, kuma rigimar da muka fi sha ke nan. Mutum ya dawo ya ce ya yi tafiyar mil dubu shida an rubuta masa dubu uku, an cuce shi. Ba wanda ya cuce shi. A jikin kowane tikiti akwai harafi ɗaya, Y ko M ko L ko wani. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a ƙaramar kujera, abinci ɗaya aka miƙa musu, amma harafinsu daban, domin kuɗin da suka biya daban. Mai cikakken farashi ya sami mil ɗinsa cif. Mai rangwame a ba shi rabi, ko kashi 25 cikin ɗari, wani harafin ma ko ɗaya. Kuma kowane kati da nasa jadawalin: harafin da katin wannan kamfani zai ba ka rabi a kansa, na wancan yana iya ba ka duka. Saboda haka Baba, kafin ka zaɓi kati, ka sa ejan ya rubuto maka harafin kowane tashi da sunan kamfanin da jirginsa zai ɗauke ka. Wannan na ƙarshen da muhimmanci. A Star Alliance mai jirgin ake dubawa, ba wanda lambarsa ke kan takarda ba. In lambar ta ɗan ƙawance ce amma jirgin na bare ne, sai ka tashi a tutar babu.

Baba Injiniya: Ikon Allah. Ni na ɗauka awon hanya kawai ake yi, kamar mitar mota.

Malamin Lissafi: To Baba ɗauki 29,000 ka raba biyu, 14,500 ke nan. Ko matakin azurfa na Turkish, mai neman 25,000, bai kai ba. Azurfar Star Alliance ɗin ma ba abin a zo a gani ba ce, fifiko ne a jerin masu jiran kujera in jirgi ya cika. Ba falo, ba ƙarin jaka. Ina jin labarin da Alhaji ya riƙe na da ne. Kafin ƙarshen 2014 kamfanin Aegean na ƙasar Girka yana ba da zinare a kan mil 20,000 kacal, mutanen da ba su taɓa taka Girka ba suka yi ta yin katin. Da kamfanin ya ga abin ya yi yawa sai ya ƙara tsawon tsanin.

Alhajin Kwari: Ni ban san wata Girka ba. Nawa yana aljihuna.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, naka yana aljihunka domin sau huɗu kake zuwa Sin a shekara. Kai ƙarin jakar nan kuɗi ce tsaba, kowa ya san abin da ake caza a wajen awo in kaya sun haura. Baba kuwa da jaka ɗaya zai tafi da sallaya. Ni dai na daina wahalar da kaina. Na taɓa tara mil a wani kamfani, ina lallaɓa su kamar adashe, ina cewa in sun cika in kai Inna umara. Ran da na je cirewa aka ce waɗanda na fara tarawa sun mutu tun watan jiya. Ragowar da aka ce sun isa tikitin kyauta zuwa wani gari kusa, da aka lissafo haraji da kuɗin mai sai na ga kyautar ta zo da wutsiya. Tun daga ranar wanda ya fi araha shi nake hawa. Shawarata Baba ya manta da wani kati, ya nemi tikiti mai sauƙi.

Anti Mai Tikiti: Hajiya, yin katin ai kyauta ne, barinsa asara ce. Abin da za a duba shi ne tsawon ran mil ɗin. Na Turkish da na Singapore Airlines shekara uku suke yi su mutu, ko kana tafiya ko ba ka yi. Avios, wato mil ɗin British Airways, ba sa mutuwa sai in ka bar asusun wata 36 ba shiga ba fita. Na United da Delta ba sa mutuwa sam. Ga mai tafiya jefi-jefi irin Baba wannan ya fi launin kati muhimmanci.

Ɗalibi a Landan: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Kowa yana ta Star kamar ita kaɗai ce. Qatar Airways tana zuwa Kano tun 2022, kuma 'yar wani ƙawancen ce mai suna oneworld. Tikitinsu na zagaye, oneworld Explorer, ba da mil ake masa kuɗi ba, da yawan nahiyoyi ne, daga uku zuwa shida, tashi har 16. Wato in Baba ya biya kuɗin nahiya huɗu, ya zaɓi hanyoyi masu tsawo a cikinsu, farashin tushe bai canza ba amma mil ɗin da zai tara ya ƙaru. Sannan Avios kuɗi ɗaya ne tsakanin Qatar da British Airways da Iberia da Finnair, kana iya kwashe su daga wannan asusu zuwa wancan ba ragi. Ni da su nake rage kuɗin zuwa gida hutu.

Anti Mai Tikiti: Gaskiya ne ɗana, sai dai ƙaramar kujerar wannan tikitin a harafin L ake yankan ta, L kuwa ba cikakken farashi ba ne. Kada ka sa wa Baba rai da cikakken mil.

Ɗalibi a Landan: Na yarda Anti. Kuma kada ya yi katin British Airways don neman matsayi. Tun Afrilun 2025 suka koma lissafi da kuɗin da ka kashe, maki 7,500 kafin azurfa, kusan fam 7,500 ke nan ban da haraji. Abin ruɗarwa, azurfarsu tana shigar da mutum falo, ta Star ba ta yi. Suna ɗaya, daraja daban.

Alhajin Kwari: Yaro, a duk Afirka kamfani nawa oneworld take da shi? Royal Air Maroc kaɗai, ita ma sai 2020 ta shiga. In Baba zai je Nairobi ko Akara sai ya fara zuwa Kasabalanka ko Doha ya dawo? Star tana da uku a nahiyar nan, kuma Adis Ababa ita ce tashar motarmu.

Ɗan Yamai: A nan Alhaji ya yi gaskiya, amma akwai abin da mu a Nijar muka gani da idonmu. Katin Flying Blue na Air France shi ne a hannun manyan ma'aikata da yawa a Yamai. Tun bayan juyin mulkin 2023 jirgin bai ƙara sauka nan ba. Kati yana nan, mil suna nan, jirgi babu. Ku ma kun ga Emirates ta dakatar da zuwa Nijeriya a 2022 kan kuɗaɗenta da suka maƙale, sai Oktoban 2024 ta koma Legas, ita kuwa ba ta cikin kowane ƙawance balle ka kai mil ɗinka wajen 'yar'uwarta kai tsaye. Don haka ni ba na tambayar wane kati ya fi. Ina tambayar jiragen ƙawance nawa ke sauka a filin garinku, in ɗaya ya janye ɗaya ya rage. A Yamai muna da Ethiopian da Turkish a ɓangare ɗaya, Royal Air Maroc a ɗayan.

Likitan Ido: Kun yi nisa a kati, ba wanda ya tambayi Baba biza. Ƙa'idar tikitin nan ita ce ka haye Atilantika sau ɗaya, ka haye Fasifik sau ɗaya, ka nufi gaba ɗaya, ka ƙare a ƙasar da ka fara, cikin shekara guda. Ba makawa sai ka taka nahiyar Amurka. Ƙasar Amurka kuwa ba ta san yada zango ba biza ba, ko canjin jirgi na awa biyu za ka yi sai da ita. Mai koren fasfo ya san abin da wannan ke nufi. In ba ta samu ba hanyoyi kaɗan suka rage. A Star akwai kamfanin ANA na Japan da ke tashi daga Tokiyo kai tsaye zuwa birnin Meziko, daga can Turkish ko Lufthansa su haye da kai Atilantika. A oneworld akwai Qantas daga Sidni zuwa Santiyago ta ƙasar Chile, sai dai Ostireliya ma da tata bizar. Ofishin jakadanci ne zai zaɓa wa Baba ƙawance, ba mu ba.

Baba Injiniya: Likita ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ta Amurka ban nema ba, kuma a shekaruna ba ni da ƙarfin jiran layinsu. Ta Japan da Meziko nake son gwadawa, dama Japan ɗin ce asalin burin, in ga jirgin ƙasan nan nasu mai gudu da muka karanta a makaranta.

Alhajin Kwari: Kun gani? An dawo Star. Me na ce tun farko?

Malamin Lissafi: An dawo Star ta ƙofar biza, ba ta ƙofar zinare ba. Rabin da na karɓa tun farko ke nan.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, tambaya ɗaya. In ka dawo lafiya, ina za ka ƙara zuwa?

Baba Injiniya: Umara in Allah ya hore, ni da mai ɗakina. Sai 'yata da ke aure a Kampala. Shi ke nan.

Anti Mai Tikiti: To an gama ai. Duka biyun ta Adis ake bi cikin sauƙi, kuma Ethiopian tana ɗauka daga Kano. ShebaMiles sunan katinsu. Zinarensu 50,000 yake nema, ya fi na Turkish nisa, amma tunda ba zinaren za ka kai ba, wannan bai dame ka ba. Abin da kake so shi ne mil ɗin su zauna a inda za ka iya shiga ofis a garinku ka yi magana da mutum ido da ido. Da sharaɗi dai: in haruffan da ejan zai kawo sun nuna katin Turkish ko na EgyptAir zai ba ka ninkin abin da wannan zai bayar, sai a sake zama. Ka turo mini su in duba maka jadawalin ukun.

Ɗalibi a Landan: Ni har yanzu ina ganin Avios sun fi sauƙin kashewa.

Ɗan Yamai: Daga Landan, e.

Anti Mai Tikiti: Abu biyu kuma Baba. Sunan da za ka rubuta a katin ya zama harafi da harafi irin na fasfo. In fasfo ya ce Mohammed kada ka rubuta Muhammad don ya fi daidai, na'ura ba ta san larabci ba, sai ta ƙi zuba maka. Sannan duk katin shiga jirgi da aka ba ka, ka adana guntunsa a ambulan har ka dawo. A tashi goma sha wani abu da wuya a rasa ɗaya ko biyu da ba su shiga asusu ba, kuma da wannan guntun ake bin su.

Baba Injiniya: Na rubuta. Gobe da safe zan je wajen ejan. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Alhajin Kwari: Amin Baba. Amma in kuka zo Adis kuka hango ni ta gilashi ina shan shayi a kan kujera mai laushi, kada wanda ya ɗago mini hannu, musamman Malam.

Hajiya Mai Atamfa: Katin naka ai yana shigar da baƙo ɗaya. Baba za ka ɗauka.

Anti Mai Tikiti: Sai in jirgi ɗaya za su hau. Sun gyara wannan dokar ma tun 2021.

Alhajin Kwari: To Baba, wace rana ce tashin? In duba ko kayana na Gwanzu sun haɗu.