Masu mota haibirid a Zariya, ku zo ku faɗa min gaskiya

Baban Walid, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Shawarar waɗanda suka riƙe motar nan mai haɗa fetur da batir nake nema, ba waɗanda suka ji an ce ba. Kullum daga Tudun Wada nake tafiya aiki Samaru, in bi ta PZ da Kwangila, da yamma in kwaso yara daga makaranta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, motata mai silinda shida ta zama kishiyar uwargida, albashi na shigowa ita ke fara karɓar rabonta. Wani dillali ya nuna min Prius ƙirar 2010 'yar Kwatano, raina ya biya, amma duk wanda na yi wa zancen sai ya ce min "batir fa?" To ya abin yake?

Malamin Lissafi, Hanwa

Wa alaikumus salam. Irinta nake hawa, shekara ta uku ke nan. Ni ba na yarda da abin da allon mota ke nunawa kaɗai. Cika tanki nake yi har bututun ya tsaya da kansa, in rubuta kilomita, ranar da na sake cikawa in raba. A cikin gari, Hanwa zuwa Kongo da 'yan zirga-zirgar kasuwar Sabon Gari, lita ɗaya tana kai ni kilomita 18 zuwa 19. Lissafin da aka yi mata a Amurka kusan 21 ne, amma can ba su da ramukanmu.

Abin da ya fi ɗaure min kai da farko shi ne a cunkoso ta fi tattali. A Kwangila da ƙarfe biyar na yamma, kowa injinsa na ta ƙona mai yana tsaye, nawa a kashe yake, batir ke jan motar taku-taku. Kuma duk sanda ka taka birki a hankali, motar lantarkin da ke cikinta takan juya ta zama janareta ta mayar wa batir caji. Shi ya sa tun da na saye ta sau ɗaya na canza takalmin birki.

Amma sai ka sake koyon tuƙi, Malam. Da can ni mai nauyin ƙafa ne, in danna totur in zo gaf da mutum in kafa birki. Yanzu tun daga nesa in na hango 'yan Keke Napep sun cushe a PZ sai in ɗaga ƙafa in bar ta tana silalewa. Matata ta ce motar ta koya min haƙurin da ita ta kasa koya min shekara goma sha biyu.

Maman Ihsan, Wusasa

Camry haibirid ce tawa. Ni ba na lissafin lita kamar Malam, na dai san man da da ke yi min kwana huɗu yanzu yana kai ni mako. Abin da ya fi min komai shi ne sanyi. A watan Afrilu ina zaune bakin ƙofar makaranta ina jiran yara, na'urar sanyin tana aiki da lantarki, injin sai ya tashi 'yan mintoci ya ƙara wa batir caji ya sake yin shiru. Ba jijjiga, ba ƙara, har karatun Alƙur'ani nake saurara ƙasa-ƙasa.

Shirun nan dai yana da nasa haɗari. Ranar nan a layinmu ina tafe a hankali, wata tsohuwa da tallan ƙosai a kanta tana gabana ba ta ma san da mota a bayanta ba, sai da na leƙa na ce "Iya, a ɗan ba ni hanya." Ta juyo tana salati, wai ta ɗauka turo ta ake yi. Awaki ma haka, ba sa tashi. Yanzu hannuna ba ya nisa da hon a cikin unguwa.

Sannan na taɓa shigowa gida da magariba, hankalina na kan tukunya, na fita na bar ta a kunne don ban ji ƙarar komai ba. Cikin dare maigidan ya ji injin ya tashi shi kaɗai a tsakar gida, ya fito da tocila da taɓarya yana neman ɓarawo. Allah ya sa ba a rufaffen gareji take ba, don hayaƙin kisa yake yi. Kafin ka fita, duba ka ga rubutun READY da ke allon mota, alamar tana kunne, ya ɓace.

Baban Walid

Hajiya kin sa ni dariya, Allah ya ƙara tsarewa. Har yanzu dai ba wanda ya taɓo batirin.

Wanda Ya Ji Jiki, Gyallesu

Ga ni nan, ni ne na batirin. Na sayi Prius ƙirar 2007 a hannun wani dillali, ba zan kama suna ba, Allah ya isa dai na riga na yi. Ranar gwaji lafiya lau. Sati biyu, ina hawa gadar Ƙofar Doka, sai jan alwatika ya bayyana a allo, motar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela. Ashe goge alamar matsalar aka yi da na'ura kafin a nuna min. Na canza ƙwaya biyu a cikin batirin, wata uku wata ta mutu, na canza, wata ta bi. Kuɗin man da na tara duk can suka tafi, har da ƙari. Sai da na haƙura na sayi cikakken batir daga Legas kafin na samu barci. Yanzu kam ba ni da kuka da ita, sai dai ƙasanta. Motar gajeriya ce, a lungunan cikin birni da damina, ko in ka ɗauki mutum huɗu ka zo kan tudun rage gudu, za ka ji cikinta na gurzar ƙasa har cikin haƙoranka.

Oga Rewaya, Sabon Gari

Yallaɓai, aikina ke nan, bari in sa baki. Batirin Prius na waɗannan shekarun ƙwaya 28 ne a jere, kowace volt 7.2, jimla kusan 202. In ɗaya ta raunana sai ta ja sauran, kuma in ka sa wata a cikin tsofaffi ba tare da an daidaita cajinsu ba, abin da ya samu ɗan'uwanmu na Gyallesu shi zai same ka. Kada ka biya ko sisi sai an jona na'urar bincike, an hau titi da motar, ana kallon yadda ƙwayoyin ke sauka da hawa. In lambar P0A80 ta fito, batirin ne ke sallama.

Abin da ke cin batir a garin nan zafi ne da ƙura. A gefen kujerar baya ta dama akwai 'yar taga mai raga, ta nan fanka ke zuƙo iskar cikin mota ta hura wa batir. Bayan hunturun bara na buɗe ta wani malamin jami'a, fankar ta cushe da jar ƙura da zaren darduma da ledar alawar yara, ta zama kamar sheƙar tsuntsu. Shi kuma yana ajiye sallaya da babbar riga daidai kan ragar. A wanke fankar nan ko sau ɗaya a shekara, bayan hunturu. Kuma masu kashe na'urar sanyi su sauke gilashi wai tattalin mai, ku sani batirin ma iskar da kuke sha yake sha.

Kada ka bar kowane mai gyaran sanyi ya zuba mata man kwamfuresa na sauran motoci. Nata na lantarki ne, mai na musamman yake sha, ND-11. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa ba na yaron gareji ba ne, wuta ce mai kisa. A cunkoso kada ka mayar da giya N, a nan batir ba ya caji. B ɗin da ke jikin giyar kuma ba "batir" yake nufi ba, na dogon gangare ne irin na hanyar Jos, wasu sai su wuni a kai suna mamakin ina mai ke tafiya. Kada kuma ka bari mai ya ƙare ƙaf ka ce batir zai kai ka gidan mai.

Daɗinta a wurinmu, ƙirar 2010 ba kik, ba altaneta, ko fanbel babu. Baƙin mai dai 0W-20 take so, ba mai kaurin nan da ake aunawa a galan ba.

Direban Hanya, Dogarawa

Ni Zariya zuwa Kano nake yi sau uku a mako. In ka miƙe hanya kana 120 zuwa 130, injin ne ke aiki daga Tashar Yari har Kwanar Ɗangora, batir ɗan rakiya ne. Na gwada ta wata shida, bambancinta da ƙaramar mota mai silinda huɗu bai kai yadda ake zuzutawa ba, ga ƙarar da take yi in ka danna za ka wuce tirela. Na sayar. Mai yawon cikin gari irinka ita ce daidai shi.

Malamin Lissafi

Gaskiya ne Direba. Ni ma in zan je Kaduna, a 100 nake tsayawa, in na wuce haka lissafin yakan sauko wajen 16. Ɗazu kuma na je na leƙa ragar da Oga ya faɗa. Jakar makarantar ɗiyata ce a jingine a kai.

Baban Walid

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira dillalin na ce ranar Asabar zan zo da mai na'ura mu hau titin Shika da ita. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce wai akwai wani mai saye da zai zo daga Funtuwa ranar Juma'a. Oga Rewaya, ƙarfe nawa kake buɗe shago?

Oga Rewaya

Takwas da rabi. In Bafuntuwen ya riga ka, Allah ya sanya masa alheri, akwai wasu.