Yaya aka yi Oecusse ta zama ɓangaren Timor ta Gabas alhali Indunusiya ta kewaye ta?

Malamin Sakandare ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina shirya darasin labarin ƙasa a kan kudu maso gabashin Asiya, sai na lura cewa Timor ta Gabas tana da wani yanki mai suna Oecusse wanda bai haɗa iyaka da sauran ƙasar ba, yana can a gaɓar arewa ta rabin tsibirin da ke hannun Indunusiya. Ina roƙon masana su fayyace mini yadda aka yi ya kasance haka, su wane ne mazaunansa, kuma yaya ake tafiyar da mulkinsa daga Dili, babban birnin ƙasar, tunda mota ba ta isa can sai ta ratsa ƙasar wasu.

Mai Bin Tarihi ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Asalin lamarin ciniki ne, cinikin itacen sandal mai ƙamshi wanda tsibirin Timor ya yi suna da shi. Neman wannan itace ya kawo Turawan Fotugal, kuma a Lifau da ke gaɓar Oecusse ake cewa suka fara sauka wajen shekarar 1515, daga baya limaman Katolika na ɗarikar Dominikan suka biyo su. A 1702 Lifau ta zama mazaunin gwamnan Fotugal, amma ƙarfin gaske yana hannun wasu da ake kira Topasses, zuriyar auratayya tsakanin Turawa da mutanen tsibiran, musamman gidajen Hornay da da Costa. Su ne suka matsa wa gwamna lamba har ya tattara ya koma Dili a 1769. Ka ga ke nan Oecusse ta girmi Dili a tarihin mulkin Fotugal.

Da aka zo rabon tsibirin tsakanin Fotugal da Holan, wadda ta kafu a Kupang da ke yammacin tsibirin tun 1653, an yi yarjejeniyar Lisbon a 1859, aka sake wata a 1904, sannan kotun sasanci ta birnin Hague ta yanke hukunci a kan iyakar Oecusse a 1914. An yi musayar wasu ƙananan yankuna, amma Fotugal ba ta saki wannan ba. Abin mamakin shi ne, ko da Indunusiya ta mamaye ƙasar a 1975, ba ta haɗe shi da yammacin Timor ba, ta bar shi a cikin lardin Timor ta Gabas da sunan Ambeno. Saboda haka da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin kan Timor ta Gabas ranar 30 ga Agusta 1999, ya bi 'yan'uwansa, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa: mayaƙan sa-kai masu goyon bayan Indunusiya sun ƙone gidaje, sun kashe gomman mutane a wajajen Passabe, dakarun ƙasa da ƙasa kuwa ba su iso yankin ba sai a ƙarshen Oktoba.

'Yar Sashen Labarin Ƙasa ta amsa:

Malam, bari in ƙara da batun ƙasa da jama'a. Faɗin yankin kimanin murabba'in kilomita 814 ne, Tekun Sawu yana arewa, sauran ɓangarorin duk Indunusiya ce. Cikin ƙasar tuddai ne da duwatsu, rani yana daɗewa, kuma a fadamar kogin Tono, kusa da hedikwata Pante Macassar, ake samun noman shinkafa mai auki. A kan tudu masara da rogo ake shukawa, ana kuma kiwon shanu. Ƙidayar 2015 ta ba da mutum kusan 69,000.

Mazauna yankin ƙabilar Atoni ce, harshensu Baikeno, kuma shi ne dai harshen da ake ji a ƙetaren iyaka, inda suke da dangi da surukai, kamar yadda lamarin yake tsakanin Katsina da Maraɗi. Galibinsu Katolika ne, amma al'adar gargajiya tana da ƙarfi. A ƙauyuka har yanzu za ka ga ɗakin ciyawa mai zagaye da ƙofa 'yar ƙarama wadda sai an durƙusa ake shiga, ana rataye masara a samansa hayaƙin murhu yana busar da ita.

Mai Nazarin Mulki ya amsa:

'Yar'uwa ta yi bayani mai gamsarwa. Game da mulki, tun samun 'yancin kai ranar 20 ga Mayu 2002 kundin tsarin mulki ya tanadi cewa a ba Oecusse kulawa ta musamman a fannin gudanarwa da tattalin arziki, sai dai ba a cika wannan alkawari ba sai a 2014, lokacin da doka ta mayar da ita yankin mulki na musamman mai hukumarsa da kasafinsa, aka ɗora tsohon Firayim Minista Mari Alkatiri a kai. A ƙarƙashin hukumar akwai gundumomi huɗu, wato Pante Macassar da Nitibe da Oesilo da Passabe, sannan mazaɓu da ake kira suco, waɗanda jama'a ke zaɓar shugabanninsu.

A ganina akwai abin dubawa a nan. Shugaban hukumar naɗa shi ake yi daga Dili, ba mutanen yankin ke zaɓarsa ba, kuma mafi yawan kuɗin da aka kashe ya tafi ne ga manyan gine-gine kusa da gaɓa, irin su gadar Noefefan a kan kogin Tono da sabon filin jirgin sama da aka buɗe a 2019, alhali manomin Passabe hanyar kai amfani kasuwa da ruwan sha a lokacin rani suka fi damunsa. Talaka kuma har yanzu jirgin ruwa ne abin dogaronsa zuwa Dili, tafiyar da kan cinye dare guda.

Malamin Sakandare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Saura tambaya ɗaya: shin an kammala shata iyakar baki ɗaya?

Mai Bin Tarihi ya amsa:

Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2005 ta daidaita mafi yawanta, amma ta bar wasu wurare, mafi shahara a ciki shi ne Naktuka a yammacin Nitibe. Fadama ce mai albarkar noma a bakin kogin Noel Besi, kuma saɓanin ya taso ne a kan wane reshen kogin tsohuwar yarjejeniyar Turawa take nufi da iyaka. Idan za ka zana wa ɗalibai taswira, Malam, ka yi wa wannan kusurwa alama ta daban.