Batirin Ajiyar Wuta Bayan Shekarun Farko: Abin da Muka Gani da Idonmu

Mai kula da wani ginin ofisoshi: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da muka cire batiran dalma muka kafa na litiyam irin LFP a ginin da nake kula da shi. A takarda an rubuta cewa yana ajiye wuta kilowat-awa 20, amma tun watan farko na lura abin da ke isa ga fitilu da kwamfutoci bai wuce 16 zuwa 17 ba. Abin yana damuna, don haka nake roƙon waɗanda suka riga ni amfani da shi su faɗa mini ko sun ga irin wannan.

Wani ma'aikacin sola: Wa alaikumus salam, Malam. Batirinka lafiyarsa ƙalau. Na auna haka a gine-gine da dama: na'urar da ke kula da batirin tana hana a taɓa kashi 10 na ƙarshe, inbata kuma tana cin nata rabo a matsayin zafi yayin da take juya wutar, shi ya sa 20 ke komawa wajen 17.

Wata mai kula da ɗakin shan magani: Ni abin da ya same ni ya fi wannan ɗaga hankali, domin firjin alluran rigakafi ne a kai. Wata rana da asuba allo yana nuna saura kashi 30, sai komai ya mutu ɗif. Da aka bincika, an gano cewa makonni muka yi cikin hadari, sola ba ta samun isasshiyar rana, batirin bai cika ko sau ɗaya ba. Kowace ƙwaya ta LFP, wato ƙananan batiran da ke cikin babban, tana tsayawa kusan bolt 3.2 tun tana kusan cike har ta kusa ƙarewa, saboda haka na'urar ba ta iya gane abin da ya rage ta hanyar bolt, sai dai ta yi lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma kuskuren lissafin yana taruwa a hankali. Ga shi ƙwayoyin 16 ne a jere, wadda ta fi rauni idan ta ƙare, ita ce ke kashe sauran. Tun daga lokacin nake tabbatar da batirin ya cika fal aƙalla sau ɗaya a mako, kuma matsalar ba ta sake dawowa ba.

Wani dattijo, tsohon mai gyaran lantarki: Hajiya, kin yi gaskiya. Zan ƙara da zafi. Na taɓa ajiye batiran dalma a ɗakin da ba taga, kusa da inbata, ba su cika shekara biyu ba suka lalace. Ka'idar da muka koya ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Litiyam ya fi juriya, amma shi ma zafi yana tsofar da shi.

Wani injiniyan tashar rarraba wuta: Baba, ko a manyan tashoshi zafin ne babban abin da muke tsaro, har kowace kwantena da ke ɗauke da batira tana da na'urar sanyaya ta. Aikin batirinmu ya bambanta da na gida: wutar babban layi tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, da zarar saurin kaɗawar ya fara sauka sai batirin ya tura wuta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kafin injinan gas su motsa. Wannan aikin ne ya fito da sunan tashar batira ta Hornsdale da ke Kudancin Ostireliya, wadda kamfanin Tesla ya kafa a 2017 da megawat 100. A wurinmu kowace shekara muna cika batirin, mu sauke shi gaba ɗaya, mu rubuta ainihin abin da ya bayar.

Mai kula da ginin ofisoshi: Na gode, Injiniya. Wannan awon ban taɓa yin sa ba. Zan yi shi a ƙarshen makon nan lokacin da babu kowa a ofis, kuma zan sa a buɗe wa ɗakin batirin mashigar iska.