Neman shawara: yarinya ta kai shekara huɗu ba ta san haruffa ba

Maman Ummi: Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Ina zaune a Gusau, ina da 'ya mai shekara huɗu da ƙaninta da na yaye kwanan nan. Maigida ɗan kasuwa ne, yawanci yana hanyar Kaura Namoda, kuma tun da na tare a gidan iyayensa Hajiya take cewa allo ya ishi yarinya har ta shiga firamare. Ni kuwa na yi NCE, ko da yake ban taɓa koyarwa ba saboda aure ya zo a shekarar da na gama, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Na je wani laburare na tambayi sashen yara, aka ce in dawo wani lokaci. Ina zan samu littattafai, kuma da me zan fara?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam, 'yata. Da Hausa za ki fara, wannan babu tantama, domin yaro yana saurin karanta harshen da yake ji. Ki koya mata wasula biyar, sannan ki haɗa su da baƙi su zama gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Shirin RANA na koya wa yara karatu da lissafi, wanda UNICEF ta tallafa wa a Zamfara da Katsina daga 2015, a kan wannan hanya ya gina littattafansa na 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ki je firamaren gwamnati mafi kusa, ki roƙi shugabanta aron abin da ya rage musu.

Baban Abba: Laburaren da na yi karatun jarrabawa a cikinsa yanzu rufinsa yoyo yake yi, kuma ana rufe shi kafin ma'aikaci ya tashi aiki. Na kai yarana, babu ko tabarmar da za su zauna, balle mai karanta musu labari.

Malama Uwar Biyu: Ni a ganina baƙi bai kai tatsuniya muhimmanci ba a wannan shekarun. Shafin African Storybook yana da labaran Hausa masu hotuna kyauta, ki sauke a waya. Ki tara yaran maƙwabta ranar Asabar, ki karanta kina nuna hoto kina tambayarsu.

Tsohon Hedimasta: Malama, waya ba ta koya wa yaro riƙe littafi da juya shafi. Gara ta yanka kwali ta rubuta baƙaƙe da hannunta. Kuma kada a raina allo, domin a nan yaro yake fara sanin cewa rubutu yana ɗauke da sauti.

Maman Ummi: Na gode, Baba, amma mun riga mun biya mata kuɗin nazire, kuma can da Turanci ake koyarwa, ina tsoron Hausa ta rikita ta. Malama, Hajiya ba ta son hayaniyar yara a tsakar gida, wayar kuma tana hannun maigida idan ya yi tafiya.

Tsohon Hedimasta: Ba ki faɗa mana tana nazire ba tun farko. Duk da haka maganata tana nan: Hausa tukuna.

Baban Abba: Nawa kuke biya a zango? Namu sun ƙara kuɗi bana ba tare da sun kira iyaye ba.

Maman Ummi: Abin da nake tambaya shi ne, akwai wanda ya san laburare a Gusau da ke ba yara aron littafi su tafi da shi gida?