Sabuntawa a Linux: in danna ko in bari?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Laftof ɗin da nake buga wa ɗalibai takardu da ita ba ta ɗaukar Windows 11, shi kuma Windows 10 an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoban 2025, shi ya sa ƙanina ya sa mini Linux Mint. Aiki dai yana tafiya lafiya lau. Sai dai akwai wata 'yar garkuwa a ƙasan allo, kusan kullum tana nuna akwai sabuntawa, ni kuma tsoron taɓa ta nake yi. Ga shi na lura ku a nan murna kuke yi in sabuntawa ta fito. Mene ne abin daɗi a ciki? In danna ko in bari?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki danna, amma ba yanzu-yanzu ba. Ki fara buɗe Timeshift, yana nan cikin Mint tun asali, ki bar shi ya ɗauki hoton yadda tsarin yake a yau. In wani abu ya karkace bayan sabuntawa, sai ki koma wannan hoton, kwamfutar ta dawo yadda take. Ki sani dai fayilolin tsarin yake adanawa, ba takardun ɗalibanki ba. Su ki riƙa kwafe su a filashi daban.

Game da daɗin kuwa, ni abin da ya kama ni shi ne komai ta hanya ɗaya yake zuwa. Firefox, LibreOffice, VLC, manhajar firinta, har da zuciyar tsarin da ake kira kenel, duk dannawa ɗaya ke sabunta su. Kafin ya fara kuma sai ya jero miki su: ga suna, ga sabuwar lamba, ga megabait nawa zai ci, ga bayanin abin da aka gyara. Kamar mai awon da ke auna miki hatsi a gaban idonki. Wanda ba kya so yau ki cire masa alama. Kina ci gaba da bugun takardunki yana yi, kuma ko kenel aka canza, sanar da ke kawai zai yi cewa ki sake kunnawa. Lokacin yin hakan ke za ki zaɓa.

Ɗalibin Samaru: Yaya Mai Gyara ya faɗi rabi. Ɗaya rabin shi ne sabon abu yana zuwa hannunka kyauta, a kan tsohuwar kwamfutarka. Ni wani nau'in Linux da ake kira Arch nake amfani da shi, ba shi da wani bugu na bana ko na bara, kullum gangarawa yake yi. In na buga umarnin sabuntawa `sudo pacman -Syu` da safe, wallahi zuciyata har wani daɗi take ji. Plasma 6, wato fuskar allon da nake aiki a kai, ya fito ƙarshen Fabrairun 2024, ba a cika mako biyu ba ya iso gare mu. GIMP 3.0, manhajar gyaran hoto da aka yi shekaru ana jira, da ya fito a Maris 2025 mu ne sahun gaba. Kenel kuwa duk bayan mako tara ko goma Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro shi, yake fitar da sabo, kuma kowanne yana zuwa da tallafin sabbin na'urori. Akwai ɗan ajinmu da waifai ɗin laftof ɗinsa ya ƙi aiki, sabon kenel na sauka ya kama, ko sisi bai kashe ba. Anti ki gwada Arch ki gani!

Baban Khalifa: A'a ɗana, kada ka tura Hajiya can. Mai buga takardun mutane ba ta bukatar sabon abu kowace safiya, tana bukatar firinta ta yi aiki ranar Litinin yadda ta yi ranar Juma'a. Arch yana so ka riƙa karanta sanarwar shafinsu kafin ka sabunta, domin wani lokaci akwai gyaran da sai ka sa hannu da kanka, kuma ba a sabunta wani ɓangare a bar wani. Wannan aikin mai lokaci ne da sha'awa.

Ni Debian, wani nau'in Linux ɗin, nake riƙe da shi a injinan ofis. Tun 1993 yake, kusan duk shekara biyu ake fitar da tsayayyen bugu: na 12 a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025. A tsakani ba sa canza maka fasalin komai, ramukan tsaro kawai suke toshewa da manyan kurakurai. Nawa jin daɗin ke nan: in ga sabuntawa guda uku, in karanta, in san an rufe ƙofar da ɓarawo zai bi, gobe in tarar da komai a wurinsa.

Ku tuna abin da ya faru da xz. Wata ƙaramar manhajar matse fayil ce da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita. Wani ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da ita har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar baya a siga ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta ba shi damar shiga injinan mutane ta SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa. Su wa ta riska? Masu saurin karɓar sabon abu: rassan gwaji na Debian, da Fedora Rawhide, da openSUSE Tumbleweed, da Kali. Tsayayyen Debian da Ubuntu LTS, wato bugunsa mai dogon tallafi, da Mint ba ta kai gare su ba, domin suna kan tsohuwar siga. Jinkirin da kuke yi mana gori a kai shi ya tsare mu.

Ɗalibin Samaru: Baba, da girmamawa, ƙarasa labarin. Wa ya gano ta? Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, kuma a reshen gwaji na Debian ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin injin fiye da kima, tana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya tono ta, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. Da kowa ya zauna a kan tsohuwar siga yana jira, ba wanda zai gani sai ta shiga tsayayyun bugun da ku kuke dogara da su. Mu masu hawa sabo mu ne 'yan sintirinku.

Baban Khalifa: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Kuma da rubutun manhajar ba a buɗe yake ba, da bai samu abin da zai bi ba. Amma ɗan sintiri daban, mai shago daban. Hajiya mai shago ce.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da muhawara. Ba wanda ya taɓo abin da ya fi damun mu a nan: kuɗin data da yankewar kuran, wato wutar lantarki. Ina kula da kwamfutoci a wata makaranta, ga abin da ya yi mini amfani.

Saukarwa daban, girkawa daban. In layi ya yanke ana cikin saukarwa ba komai, apt, wato manhajar da ke saukewa da girkawa a Mint da Debian, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Haɗarin yana lokacin girkawa. Don haka da dare, lokacin da data ta fi araha, nakan buga `sudo apt update`, sannan `sudo apt upgrade --download-only`. Washegari in batir ya cika ko inbata na aiki sai in girka, ba ya bukatar intanet kuma.

In kana da kwamfutoci da yawa masu tsari iri ɗaya, ka sa apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye abin da aka sauke, a guda ɗaya, sauran su riƙa bi ta kanta. Fayil sau ɗaya zai sauko daga waje, sauran su ɗauka daga cikin gida. Masu shagon intanet da ɗakin kwamfuta na makaranta, wannan naku ne.

Maman Hanan: Malam Ɗan Maraɗi Allah ya saka da alheri, dama batir ɗin nan nawa ba ya riƙe caji sosai. To in aka ɗauke wuta tana tsakiyar girkawa fa? Shi ke nan ta lalace?

Mai Gyara: Yawanci ba ta lalacewa Hajiya. In ta tashi, ki buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ki buga `sudo dpkg --configure -a`, ya ƙarasa abin da ya bari a rataye, sannan `sudo apt -f install`. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini shago da wannan matsala, layi biyun nan ke warware su. In kuma ta ƙi tashi bayan sabon kenel, ki riƙe Shift ko ki danna Esc lokacin kunnawa, jerin zaɓin tashi da ake kira GRUB zai fito, ki shiga zaɓi na biyu ki ɗauki kenel ɗin da ya gabata. Ba a goge shi nan take, saboda irin wannan rana ake barin sa. Amma riga-kafi ya fi magani: kada ki fara girkawa sai caji ya haura rabi.

Ɗan Maraɗi: Ƙari a kan batun data. A cikin ma'ajiyar manhajoji ta Mint za ki ga wasu an rubuta Flatpak a jikinsu. Suna da kyau, sun fi zama sababbi, amma na farko da za ki sauke zai jawo wani babban tushe na ɗaruruwan megabait, shi ma kuma ana sabunta shi. In manhajar tana da nau'i biyu, ki ɗauki na tsarin. Masu Ubuntu kuma ku kula da snap, wata hanyar girka manhaja irin Flatpak, da kansa yake leƙawa sau huɗu a rana. Ku buga `sudo snap set system refresh.metered=hold`, ku kuma nuna wa kwamfutar cewa layin wayarku na awo ne. Hajiya ke wannan bai shafe ki ba, Mint ya rufe snap tun bugu na 20.

Anti Malama: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki. Ni tsakanin Baba da ɗalibinmu nake. Ina son sabo, ba na son fargaba, shi ya sa na zauna a kan Fedora Silverblue. Yadda yake aiki ya burge ni ƙwarai: sabuntawa ba ta taɓa tsarin da kake kai. Gefe guda take gina sabon, sai ka sake kunnawa ka shiga shi. In wuta ta ɗauke a tsakiya, tsohon na nan cikakke kamar ba a yi komai ba. In sabon bai yi maka ba, ka zaɓi na jiya a jerin farko. Ga mutanen da wutarsu ba ta da tabbas, ban ga tsarin da ya kai wannan kwanciyar hankali ba. Aibinsa biyu: yana cin data, domin manhajojinsa Flatpak ne, kuma Fedora duk wata shida yake fitar da bugu, kowanne wajen wata 13 ake tallafa masa, dole ka riƙa matsawa gaba. Mai waifai a wurin aiki ya gwada. Wanda yake son gangarawa irin ta Arch da hanyar komawa baya, ya duba Tumbleweed, a can Snapper, wanda ke aiki irin na Timeshift, na ɗaukar hoto da kansa kafin kowace sabuntawa da bayanta.

Maman Hanan, tunda takardu kike bugawa, ki shiga saitin allon rubutu ki ƙara Hausa ta Najeriya. Tana ciki, ba sai kin sauke komai ba, ƙ da ɗ da ɓ duk za su fito.

Maman Hanan: Kai, Anti, wannan ma kaɗai ya biya ni! Kwafo su nake yi ɗaya-ɗaya daga wata tsohuwar takarda. Na yi Timeshift ɗin, na danna, ya gama, firinta ma na gwada tana bugawa. Duk kwana nawa ya kamata in riƙa yi?

Baban Khalifa: Sau ɗaya a mako ya isa, 'yata, sai dai in kin ga Firefox ko abin da aka yi wa alamar tsaro, wannan kada ya kwana biyu. Ki kuma bambance sabuntawar yau da kullum da ƙaura zuwa sabon bugu gaba ɗaya. Mint a kan Ubuntu LTS aka gina shi, wanda ke fita watan Afrilu duk shekara biyu. Lambar ma ita ke faɗa: 24.04 na nufin Afrilun 2024. In Mint 22 aka sa miki, a kan wannan yake, kuma ana tallafa masa har 2029. Ba ki da wata gaggawa. In sabon babban bugu ya fito, ki bari ya yi wata biyu ko uku a hannun mutane, ki zaɓi lokacin hutun makaranta da ba aiki a gabanki, ki kwafe takardunki, sannan ki ƙaura. Su kansu Ubuntu ba sa tayin ƙaura ga masu tsohon LTS sai gyaran farko ya fito, wajen watan Agusta.

Ɗan Maraɗi: Baba, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Akwai tsofaffin kwamfutoci biyu a makarantarmu masu 32-bit. Me zan sa musu da zai ci gaba da samun sabuntawa?

Baban Khalifa: Ka fara tabbatarwa tukuna. Ka tashe su da filashi mai Linux, ka buga `lscpu`, ka duba layi na biyu. Da yawa daga injinan da aka saya da tsarin 32-bit a kansu, ƙwaƙwalwarsu na ɗaukar 64. In ka ga 64 a wurin, sa musu Mint mai Xfce, wato fuskar allo mara nauyi, ko Debian 13, ka haɗa su da ma'ajiyar nan taka ta cikin gida. In 32 ce zalla, zaɓi ya yi ƙaranci: Ubuntu da Mint sun daɗe da barin ta, Debian 13 ma bai fitar mata da faifan girkawa ba. Debian 12 ne zai hau. Ka sa shi, ka bar su ga koyon bugu da LibreOffice, kada a riƙa shiga banki ko imel da su. Turo mini abin da `lscpu` ya nuna da girman RAM ɗinsu, sai mu ga wanda ya dace.