Hakin safe ko na marece: wanne bisashenku suka fi ci?

Mai turkar raguna, Kwalkwalawa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ragunan da nika turkawa, in an yanko musu kyasuwa bayan la'asar sukan cinye ta tas, amma ta asuba sai su yi ta tsince-tsince. Gona guda, lauje guda. Kowa ya faɗo abin da ya gani da idonsa.

Malamin gona, Wurno: Wa alaikumus salam Alhaji. Ragunanka sun yi gaskiya. Da rana ganye yana haɗa sukari da hasken rana, da dare kuma ciyawar tana cin abinta wajen numfashi da girma, sai gari ya waye zaƙin ya ja baya. Na sha tauna gindin kyasuwa safe da marece, bambancin yana ga harshe. Kuma ba daɗin baki kaɗai ba ne. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi da wanga sukari suke samun ƙarfin sarrafa sauran abincin. In ya yi ƙaranci, ko harawar wake ka ba su, wani ɓangaren amfaninta a fitsari zai tafi. Hakin ƙarƙashin itace, da wanda ya sha takin yuriya da yawa, sun fi kore amma zaƙinsu bai kai ba.

Dattijo, fadamar Rima: Yaro, mu da burgu, hakin fadama, munka san wanga zance. Gudali in ta samu burgu bayan ruwa ya janye, a ƙwarya ake ganewa. Mutanen Mali har maɗi suke yi da shi. Roƙona guda: masu yanka ku bar aske gamba har ƙasa. Ajiyarta a gindi take, da ita take sake tohowa.

Mai jajayen awaki, Gwadabawa: Baba Allah ya ƙara girma. Ni a wajen shanya na ga abin. Bara ruwan ƙarshen damina ya doke hakin da munka baza, ya bushe daga baya, ido bai ganin aibinsa, amma awakina sunka ƙi shi. Wanda ya tsira a rumfa kuwa har faɗa suke a kansa. Ruwa ya wanke zaƙin. Yanzu baza shi nika yi ba kauri, in riƙa juyawa, don muddin da sauran danshi haki bai daina cin sukarinsa ba.

Matashi mai shanun madara, Kware: Hajiya, ni ma na gani. Na turbuɗe ɗanyar gamba a rami cikin leda, ta ruɓe. Da na yayyanka karan takanda na gauraya, na danne sosai, sai ta fito da ƙamshin tsami, shanu sunka ci. Ciyawar ƙasarmu ba ta da zaƙin da zai tsimar da ita ita kaɗai.

Malamin gona, Wurno: Haka ne ƙanena, amma a riƙa ba da takandar kaɗan-kaɗan har ciki ya saba, in ba haka ba sai kumburi da zawo. Gyauron dawa kuwa a tsare bisashe daga gare shi, ɗanyen tohonsa yana da guba mai kisa.

Mai turkar raguna, Kwalkwalawa: Na gode ƙwarai. Malam, in na yanka da marece na aje har safe, zaƙin yana nan?