Tallar shiga soja a waya: ina iyakarta?

Uwar Samari, Yamai:
Assalamu alaikum. Yanzu sanarwar ɗaukar soji da jandarma tana isa wayoyin yara ta WhatsApp da TikTok tun iyaye ba su ji ta a rediyo ba, ga bidiyon kaki da manyan motoci. Shin ya dace a riƙa zawarcin matasa ta wannan hanya? Kuma yaya ake bambance ta gaskiya da ta ƴan damfara?

Mai Karatun Doka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sanarwa ba laifi ba ce, ko a bangon ma'aikata aka manna ta ko a Facebook. Matsalar tana ga shekaru da yarda. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 22, ta hana ɗaukar wanda bai kai 18 ba. Ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 ta fi sassauci: ta bar ƙofa ga ɗan sa-kai mai ƙarancin shekaru, amma sai da yardar iyaye, da cikakken bayanin aikin, da tabbatacciyar shaidar haihuwa. Shi ya sa Ingila take ɗaukar ɗan 16. To waya wanne cikin waɗannan za ta iya tabbatarwa? Da shekara 13 ake buɗe Facebook, kuma shekarun da yaro ya rubuta su ake yarda da su. Bidiyon da ya nuna fareti ya ɓoye nakiya da jana'iza bai cika sharaɗin bayani ba, ko da mai kallon ɗan 25 ne.

Tsohon Sajan, Tawa:
Hajiya, ga abin dubawa. Sanarwar gaskiya tana da kwanan wata, sa hannun hukuma, iyakar shekaru da wurin kai dosiye. A je birigad (ofishin jandarma) ko bariki mafi kusa a tambaya, don ana yawan goge kwanan tsohuwar takarda a sake yaɗa ta. Takardun da aka saba nema: ta haihuwa, nasiyonalite (shaidar zama ɗan ƙasa), kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum) da bai wuce wata 3 ba, kwafin diploma mai hatimi. Daga nan sai awon tsawo, gudu da bizit (awon lafiya), kuma duka da jiki ake zuwa. Duk wanda ya ce a tura masa jika 50 ko 100 ya sa suna a lis, ɓarawo ne.

Malam, a kan bidiyo kuwa ban bi ka duka ba. Babu rundunar da ke talla da gawa, kuma ɗan Tiliya ko Tilaberi, yankunan da suka sha hare-haren ƴan bindiga, ba sai an gaya masa abin da ke daji ba.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Baba Sajan, ba ɗan Tiliya ake ji wa ba, ɗan birni ne mai wasan harbi a waya. Sojan Amurka sun fitar da wasan America's Army kyauta a 2002 don jan matasa, sai 2022 suka rufe shi. A 2020 kuma Twitch, dandalin kallon wasannin bidiyo kai tsaye, ta hana su wata tallar kyauta da ke kai mai dannawa shafin ɗaukar soja. Wannan tarko ne, ba sanarwa ba.

Na biyu, kada yaro ya tura hoton katin ɗan ƙasa cikin guruf. Da shi ake yin rajistar layin waya a damfari wasu, bincike kuma ya biyo sunansa. Idan fom ɗin intanet ne, a duba adireshin: na gwamnatin Nijar yakan ƙare da .ne, ba lambar WhatsApp ta wani mutum ba.

Tsohon Sajan, Tawa:
Wannan kam haka ne, ɗana. A ƙara da masu alkawarin aikin gadi a ƙasar waje ta Telegram. Kwangilar da aka rubuta da harshen da yaro bai iya karantawa ba, kada ya sa mata hannu, kada kuma ya miƙa fasfo ɗinsa ga dillali.